Injin da ba shi da fistin: Ko zai kai ga fadamun Argungu?

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, idan rani ya kama, ƙarar injin ban-ruwa ce ke tashin manoman shinkafa a fadamun kogin Rima. Yawancin injinan ƙanana ne masu shan fetur, waɗanda mutum ke ɗaurawa a bayan babur ya kai gona.

Noman ya bunƙasa bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, sannan kamfanin WACOT ya buɗe masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017. Sai dai cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Manoma da dama suka sauya kafireton injinsu don ya yi aiki da tukunyar gas ta girki, wasu kuma suka koma ga famfo mai amfani da hasken rana.

Buƙatar manomi a fili take: inji marar nauyi, marar shan mai da yawa, wanda ba ya tsirara hayaƙi. Abin da wasu injiniyoyi ke nema ke nan a wani tsohon ƙiri da ake kira injin Wankel.

Yadda yake aiki

A injin da muka saba da shi, fistin ne ke hawa da sauka. A wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙira, aka fara tayar da shi a 1957, wani ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa cikin gidansa, yana zuƙar mai, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Sassansa kaɗan ne, ba ya jijjiga sosai, kuma ƙarfinsa ya fi girmansa.

Aibinsa shi ne wurin ƙonewar dogo ne siriri, don haka wani man ke fita bai ƙone ba. Yana kuma cin baƙin mai. Dokokin hayaƙi na Turai na cikin abin da ya sa Mazda ta daina ƙera motar RX-8 a 2012.

Sabon yunƙuri

A 2023 Mazda ta dawo da injin a motar MX-30, amma a matsayin janareta mai cajin batir, inda yake juyawa a saurin da ya fi masa dacewa. A Amurka kuwa, kamfanin LiquidPiston, na wani uba da ɗansa, Nikolay da Alec Shkolnik, ya juya ƙirar ciki-bai: abin juyawar ya koma kamar ƙwai, gidan ya zama mai kusurwa uku, don man ya ƙone a wuri dunƙulalle. Kamfanin ya ce injin na iya aiki da dizal ko kananzir ko fetur.

Sai dai rundunar sojin Amurka ce babbar mai zuba kuɗi a aikin. Kafin irin wannan inji ya shiga fadama, sai farashinsa ya yi gogayya da na injinan China da suka cika kasuwa, kayan gyaransa su samu a Birnin Kebbi, bakanike kuma ya iya kwance shi ya ɗaure. Shinkafar da ke jiran ruwa ba ta jiran kayan gyara daga ƙasar waje.