Kayan Canji a Bindigar Glock: Gyara Ko Ɓarna?

A shekarar 1982 rundunar sojin Ostiriya ta zaɓi wata ƙaramar bindiga da injiniya Gaston Glock ya ƙera, mutumin da kafin nan aka fi sani da ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja. Glock 17 tana cin harsashi 17, gangar jikinta ta roba ce mai tauri, sassanta duka ba su kai 40 ba. Irin bindigar nan ce mai ɗura wa kanta harsashi: da an harba, ƙarfin albarushi ya tura murfin sama baya ya tofar da kwanso, sifirin ya dawo da shi ya cusa sabon harsashi. Sai dai kowane harbi sai an ja kunama.

Kamfanin Glock ya buɗe reshe a garin Smyrna na jihar Jojiya a Amurka a 1985, 'yan sandan ƙasar suka rungumi bindigar, fararen hula suka bi sahu. Ƙarancin sassanta da sauƙin kwance ta suka haifar da wata kasuwa ta daban. Kamfanoni irin su Lone Wolf da ZEV da Apex suna ƙera bututu da kunama da sifirin waɗanda ake sawa a madadin na asali. Doka ma ta share musu hanya, domin a ƙarƙashin dokar bindigogi ta Amurka ta 1968, gangar jiki mai ɗauke da lamba ita ce bindiga a idon gwamnatin tarayya. Yawancin sauran sassan kuwa ana sayensu ta intanet a kawo wa mutum har gida.

Wani canjin yana da hujja mai ƙarfi. Saitin da bindigar ke zuwa da shi na roba ne, shi ya sa da yawa ke maye gurbinsa da na ƙarfe mai ɗigon sinadarin tiritiyam, wanda ke haske cikin duhu, ko da yake haskensa kan ragu da rabi cikin kimanin shekara 12. Haka batun bututu. Tsagin cikin bututun Glock ya sha bamban da na gargajiya, kuma an daɗe ana gargaɗi a kan harba harsashin dalma tsirara a cikinsa, domin dalmar kan taru ta matse hanya, matsi ya ƙaru. Mai son irin wannan harsashi sai ya nemi bututu mai tsagin gargajiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne kunama. Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Kariyarta uku duk a tafiyar kunama suke. Akwai ɗan harshe a tsakiyar kunamar wanda ke hana ta motsi sai yatsa ya danne shi. Akwai ɗan ƙarfen da ke tare allurar da ke sukar gindin harsashi, ba ya ɗagawa sai an ja kunama. Akwai kuma tudun da ke riƙe sandar kunama don kada ta saki allurar idan bindiga ta faɗi. Kunamar asali tana buƙatar jan kimanin kilo 2.5. Masu gasar harbi suna son ta fi haka laushi, tafiyarta kuma ta gajarta. To, wannan tafiyar da ake gajartawa ita ce ratar da kariyoyin ke aiki a cikinta. Idan sabuwar kunama ta zauna baya fiye da kima, ƙarfen da ke tare allura zai iya kasancewa a ɗage tun ba a taɓa komai ba, mai bindiga kuwa ba zai ga alama daga waje ba. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ko kamfanoni masu ɗakunan gwaji ba su tsira ba. A 2017 aka gano cewa bindigar P320 ta kamfanin SIG Sauer tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, ciki har da sa kunama marar nauyi. Idan nauyin ɗan ƙarfe guda zai jawo haka a masana'anta, ina ga wanda ya haɗa kayan kamfani uku a teburin ɗakinsa? 'Yan sandan birnin New York kuwa akasin masu gasar harbi suka yi: shekaru da dama suna sa wa bindigoginsu kunama mai buƙatar jan kilo fiye da 5, don gudun harbin kuskure.

Akwai kuma iyakar da doka ta shata. Ɗan ƙarfen nan da ake maƙalawa don bindiga ta riƙa ɓarin wuta ba tsayawa, dokar tarayya ta ɗauke shi a matsayin mashinga shi kaɗai, kuma mallakarsa ba bisa ƙa'ida ba na iya kai mutum ɗaurin shekara 10. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da ƙa'idar 2022 wadda ta sa kayan haɗa bindiga a gida ƙarƙashin dokar lamba da binciken mai saye.

Masana'anta ta gwada sassanta a haɗe kafin ta sa sunanta a kansu. Wanda ya cire ɗaya ya sa baƙo, ya ɗauke wannan alhaki daga wuyan kamfani ya ɗora a nasa. Saboda haka duk canjin da ya shafi kunama ko allura aikin ƙwararren maƙerin bindiga ne, wanda zai tabbatar kariyoyin uku suna aiki, a kuma gwada ta sosai a filin harbi kafin a amince da ita. Harsashin da ya kuɓuce bisa kuskure ba mai bindiga kaɗai yake samu ba. Iyalinsa da maƙwabtansa ma suna cikin haɗarin, kuma ba wanda ya nemi shawararsu ranar da aka canja kunamar.