Kare Mai Horo

Daga cikin dabbobin da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ɗan Adam, babu wadda Bahaushe ya raina da baki alhali yana dogara gare ta a aikace kamar kare, domin mutumin da zai zagi abokin husumarsa da sunan kare da rana, shi ne zai kwana da hankali kwance saboda ya san akwai mai haushi a ƙofar gida. Jama'a na cewa idan ya ɗaga kai yana kuka cikin dare aljanu ya gani, ga kuma hadisin da ya zo game da mala'iku da gidan da ke da kare. Amma duk da haka malaman tafsiri ba su manta da karen Ashabul Kahfi ba, wanda har suna suka ruwaito masa, wato Ƙiɗmiru.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda shari'a ta bambanta tsakanin kare da kare, ba ta fuskar launi ko asali ba, sai ta fuskar sani. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, kuma Sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan wannan mas'ala, har aka fayyace masa hukuncinta. Saboda haka zomon da horarren kare ya kashe, bayan ubangidansa ya ambaci sunan Allah ya cuna shi, halal ne. Wanda kuwa karen banza ya kashe don raɗin kansa, mushe ne. Alamar horo a wurin fuƙaha'u ita ce idan an aike shi ya tafi, idan an tsawata masa ya tsaya. Shafi'iyya suka ƙara da sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama, Imamu Malik kuwa bai sharɗanta haka ba.

To, wannan sani ba ya samuwa sai an faro shi da wuri, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karya takan ɗauki ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta haifi 'yan kwikwiyo makafi kurame, waɗanda idanunsu ba sa buɗewa sai bayan kamar mako biyu. Daga mako na uku zuwa na goma sha biyu kuwa, duk abin da kwikwiyo ya saba da shi, na mutane ko awaki ko kaji, da wuya ya tsorata da shi ko ya far masa idan ya girma. Gogaggen mafarauci yakan karɓi kwikwiyo yana ɗan wata biyu, ya raɗa masa gajeren suna irin su Zaki ko Damisa, ya kuma hana kowa zuba masa abinci a kasko sai shi kaɗai. Za ka gan shi da la'asar ya tsuguna a tsakar gida da ɓallin ƙanzo a dunƙule cikin hannu, ya yi fito sau ɗaya, ya yi shiru. Da zarar ɗan abin ya sheƙo yana kaɗa wutsiya, nan take ya buɗe hannu ya shafa kansa. Asirin duka yana cikin wannan gaggawa. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce a gani a ƙasa, kuma lalle gaskiyarsa ce, domin ba ya sanin alkawari, ba ya kuma iya haɗa ladan yamma da aikin safe. Malamin nan na Rasha, Pavlov, wanda ya nuna cewa kare yakan zubar da yawu da jin ƙarar da ya saba ji gabanin abinci, ya tabbatar da abin da mafarauta suka daɗe suna aiki da shi.

Haka hukuncin tsawa yake. In ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, don haka lokacin shinshinar ake cewa "Kai!", ba bayan an tsinci takalmin a yage ba. Mafi munin kuskure, a ganina, shi ne mutum ya kira karensa ya zo sannan ya narka masa sanda, domin abin da ya karantar da shi kurum shi ne amsa kira musiba ce. Idan rani ya yi aka fita daji, sabon kare yakan koyi bin sawu daga manyansa ba tare da wahala ba, tunda hanci da gudu halittarsa ce, har a yi masa kirari da karen bana mai maganin zomon bana. Wuyar aikin ita ce a kira shi ya baro zomon da ya riga ya taso, ko ya saki wanda ke bakinsa.

Game da ajiye kare a gida, Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa a zaure, ta taƙaita izini ga tsaron gona da dabbobi da farauta. Sai dai masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare a gidansa lokacin tsoro, da aka yi masa magana ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Masu hali a biranenmu yanzu suna sayen karnukan Turai da tsada, su ɗaure su da sarƙa yini guda cikin rana ba mai kiran sunansu, sa'an nan su yi mamaki ranar da karen ya ciji ɗan maigidan, alhali ko allurar rigakafin haukan kare, wadda ake sabuntawa a asibitin dabbobi, ba a taɓa kai shi an yi masa ba.