Yadda Matan Amurka Suka Haɗa Kai Don Rage Ƙiba

A ƙasar Amurka rage ƙiba ya zama babban ciniki. Akwai masu sayar da magani, da masu sayar da abinci na musamman a cikin kwali, da gidajen motsa jiki waɗanda a ke biya wata-wata, har mutum ya zaci sai mai kuɗi ne ke iya ramewa da gangan. Amma da muka bi asalin abin, sai muka tarar ba attajirai suka fara shi ba. Matan aure ne, a cikin ɗakunan girkinsu, ba su da komai sai ma'auni ɗaya da alkawarin haɗuwa kowane mako.

Mun san a wurinmu da yawa su na ɗaukar teɓa alamar wadata ce, in akawu ya ajiye tumbi a ce aiki ya karɓe shi. Likitoci ba su yarda da haka ba, gama ƙiba mai yawa ita ce ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya ƙibarsa ta kai matsayin cuta.

A shekarar 1948, a birnin Milwaukee, akwai wata mace mai suna Esther Manz wadda nauyinta ya haura laba 200. Sa'ad da ta ke da ciki ta kan je wani taro da a ke yi wa masu juna biyu, sai ta lura matan sun fi bin umurnin likita in su na tare, kowace na ganin 'yar'uwarta. Ta ce a ranta, abin da ya yi wa masu ciki amfani me zai hana ya yi wa masu ƙiba? Ta kira ƙawayenta uku, suka zauna, suka auna kansu, suka yi alkawarin komowa mako mai zuwa. Daga nan aka sami ƙungiyar da a ke kira TOPS, watau masu rage nauyi da hankali.

Dokokinta ba su da yawa, kuma har yanzu su a ke bi. Likitan mutum ne zai faɗi nauyin da ya kamata ya sauka zuwa gare shi, ba ƙungiya ba. Kowane mako a hau ma'auni, a rubuta a littafi, sa'an nan a zauna a yi taɗi, wanda ya zame ya faɗi inda ya zame. Shugabannin rassa 'yan ƙungiya ne, ba a biyansu albashi, kuma a zauren unguwa ko na majami'a su kan taru. Ƙungiyar ba ta neman riba, ba ta sayar da abinci. Ɗan kuɗin shekara kaɗai a ke biya, da abin da reshe ya yanka wa kansa. Kowace shekara su kan naɗa sarki da sarauniya daga cikin waɗanda suka kai ga nauyin da likita ya sa musu. Da fari wasu rassa sun kan rataya wa wadda nauyinta ya ƙaru alamar alade don ta ji kunya. An daɗe da barin wannan, kuma a ganinmu an yi daidai, domin wadda aka kunyata a gaban jama'a ba abinci za ta bari ba, zuwa taron za ta bari.

Labari na biyu ya fi shahara. A 1961 wata matar aure a birnin Niyu Yok, Jean Nidetch, ta kai laba 214, kimanin kilo 97 ke nan. Wata rana a kanti wata da ta san ta ta tambaye ta yaushe za ta haihu, alhali kuwa ba ta da ciki. Abin ya sosa mata rai, ta tafi wani asibitin hukumar lafiya ta birnin inda a ke duba masu ƙiba kyauta. Aka ba ta takardar abinci: kifi sau biyar a mako, hanta sau ɗaya, ganye da yawa, burodi kaɗan, ban da kayan zaƙi. Ta ragu da laba 20, amma ba ta iya gaya wa ma'aikaciyar asibitin cewa ta na ɓoye biskit ta ci da dare ba. Sai ta kira ƙawayenta shida masu ƙiba zuwa gidanta, ta faɗa musu gaskiya, su ma kowace ta fito da nata sirrin. Kafin ƙarshen 1962 ta zubar da laba 72.

Lura da wannan, takardar abincin kyauta aka ba ta, ɗaki nata ne, ƙawaye nata ne. A 1963 ne abin ya koma kamfani mai suna Weight Watchers, aka fara karɓar kuɗin shiga kowane mako. A 1978 kamfanin Heinz, mai yin abincin gwangwani, ya saye shi a kan dala miliyan 70 da ɗoriya. Akwai kuma ta uku, Overeaters Anonymous, wadda aka kafa a Los Angeles a 1960 bisa tsarin ƙungiyar masu son barin giya. Ita ba ta da kuɗin shiga sam, ba ta kuma auna kowa, sai dai a zagaya da kwano kowa ya jefa abin da ya samu.

To, mai karatu zai tambaya, shin abin na yin amfani, ko kuwa taɗi ne kawai? An gwada. A 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a kan mutum 772 a Ingila da Jamus da Ostareliya. Aka raba su biyu, rabi su riƙa zuwa taron mako-mako na Weight Watchers, rabi su tsaya ga shawarar asibiti yadda aka saba. Bayan shekara guda 'yan taro sun ragu da kimanin kilo 5, sauran kuwa kilo 2 da 'yan kai. Kamfanin ne ya ba da kuɗin binciken, ya kamata a san da haka. Kilo 5 kamar ba wani abu ba ne, amma wani babban gwaji da aka bayyana a Amurka a 2002, a kan mutum 3,234 waɗanda ciwon sukari ke gab da kamawa, ya nuna darajarsa. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar magani kuwa kashi 31 ne.

Ba za mu ɓoye ba, ƙiba ta kan dawo. Da yawa su na barin taro bayan 'yan watanni, kuma in sun bari nauyin ya kan biyo su sannu a hankali. Don haka ne TOPS ta ware wani matsayi ga waɗanda suka riga suka sauka, su ci gaba da zuwa a na auna su, ko da shekara nawa za a yi.

A 2021 aka yarda da wata allurar rage ƙiba a Amurka mai suna Wegovy, wadda ta fi duk wani taro zubar da nauyi, amma da ta fito kuɗinta na wata ɗaya ya haura dala 1,300. Masu hali suka koma wajenta. A watan Mayu na 2025 kamfanin Weight Watchers ya kai kansa kotu saboda bashin da ya haura dala biliyan ɗaya, aka sauke masa yawancinsa ya ci gaba da aiki. TOPS kuwa ta na nan ta na taronta, hedkwatarta a Milwaukee.

Akawu ko malamin makaranta wanda ke wuni a kan kujera ba sai an yi masa dogon bayanin wannan tsari ba, gama ya san adashi. Mutumin da ba ya iya ajiye kuɗi shi kaɗai ya kan zuba nasa a kan lokaci saboda idon abokan zubi. Mutum biyar ko shida a ofis ɗaya su na iya haɗa kuɗi su sayi ma'auni, su sa rana ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, ɗaya ya riƙe littafi. Wake da zogale da miyar ganye ba su fi lemun kwalba da soye-soye tsada ba, tafiya ofis a ƙasa kuwa rage kuɗin mota ne. Sai dai mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya fara ganin likita kafin ya rage cin abinci, domin in nauyi ya sauka a kan bukaci a sake masa awon maganin.