Tsohuwar kwamfutar gida a Kontagora: Ko Linux za ta tsawaita mata kwana?

A gidajen ma'aikata da dama a Kontagora akwai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda maigida ya sayo ta hannu a Banex da ke Abuja ko Farm Centre da ke Kano, ya more ta, sannan ya bar wa iyali. Da ita uwargida ke lissafin kuɗin adashi, ɗalibin Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke garin ke buga aikin makaranta, shi kuma maigida idan ya biyo hanyar Minna da Tegina ya iso gida ƙarshen mako, da ita yake duba takardar albashi ko ya biya kuɗi ta Remita.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 matsayin irin wannan kwamfuta ya sauya, domin a ranar ce kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a 2015. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro na kyauta da kamfanin ke aikowa kowane wata don toshe ƙofofin da 'yan kutse ke ganowa. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida har zuwa Oktoban 2026, sai dai jinkiri ne kawai.

Haɗarin ba sabo ba ne. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin gwamnati a Birtaniya, ta hanyar wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya toshe watanni biyu kafin nan. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su karɓi gyaran ba. Kwamfutar da gyara ya daina zuwa mata za ta dawwama ne a irin wannan hali, kuma a cikinta akwai lambar BVN, hoton katin ɗan ƙasa da kalmomin sirri na banki.

Komawa Windows 11 ma ba kowa zai iya ba. Sabuwar manhajar tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da RAM na gigabait 4, da ma'adana mai gigabait 64, kuma galibi ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi ƙarni na takwas. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika wannan sharaɗi ba. Sayen sabuwa kuwa, tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, ya zama babban al'amari a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000.

Manhajar da ba ta da mai gida ɗaya

A nan ne Linux ta shigo. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta, aka haɗa da ayyukan shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983. Lasisinta ya ba kowa damar saukewa, kwafa, dubawa da gyarawa ba tare da biyan ko kwabo ba. Wanda ke riƙe da wayar Android ya daɗe yana amfani da ita bai sani ba, domin a kan tushen Linux aka gina Android.

Linux iri-iri ce. Akwai Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004. Akwai Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da Windows sosai, shi ya sa ake yawan ba sabon shiga shawarar farawa da ita. Mint tana iya tashi da RAM na gigabait 2 da ma'adana mai gigabait 20, kuma jerin fitowarta na 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Nau'inta mai suna Xfce ya fi sauƙi ga kwamfutar da ta kwana biyu.

Gwamnatoci ma sun gwada. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 zuwa Linux da LibreOffice. Jandarmomin Faransa sun shafe shekaru suna aiki da wani nau'in Ubuntu nasu. Sai dai birnin Munich, wanda ya riga su, ya yanke shawarar komawa Windows a 2017, abin da ke nuna cewa sauyin na bukatar shiri.

Abin da za a samu, da wanda za a rasa

Ga ayyukan gida na yau da kullum, babu abin da zai tsaya. Mint tana zuwa da Firefox na shiga intanet, da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, kuma duk shafin da ake shiga ta intanet, na banki ne ko na makaranta, zai buɗe kamar da. Mai rubutu da Hausa ma zai tarar da tsarin madannai na Hausar Najeriya a ciki, mai fitar da ɓ, ɗ, ƙ ba tare da neman wata manhaja ba.

Amma Microsoft Office, CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux. Mai shagon buga katin biki a Kontagora da ya saba da CorelDRAW zai sha wahala kafin hannunsa ya faɗa kan Inkscape. Takarda mai tebura da yawa kan ɗan karkace idan aka buɗe ta a LibreOffice. Wasu na'urorin buga takarda da wasu manhajojin gwajin jarrabawar JAMB don Windows kaɗai aka yi su. Ya kamata a lissafa abin da kowa a gidan yake yi da kwamfutar kafin a taɓa ta.

Yadda ake sauyin

Matakin farko shi ne kwashe komai: hotuna, takardun makaranta da na fili, a zuba a wata ma'adana ta waje, domin girka sabuwar manhaja na iya share duk abin da ke ciki. Daga nan a sauke Mint daga shafinta na asali. Nauyinta ya kusa gigabait 3, don haka wanda ke da intanet mai ƙarfi a Abuja gara ya sauke can ya taho da ita. Da manhajar Rufus ko balenaEtcher ake ɗora ta a kan filash mai gigabait 8.

Babbar fa'idar ita ce ana iya kunna kwamfutar daga filash ɗin a gwada Linux ba tare da an taɓa Windows ba. A duba Wi-Fi, sauti, kyamara da na'urar buga takarda. Idan komai ya yi, sai a girka, ko ita kaɗai ko kusa da Windows, a riƙa zaɓa lokacin kunnawa.

Sai batun wuta. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru, amma mutumin Kontagora ya san ɗaukewar wuta ba ta sallama. Batirin tsohuwar kwamfuta galibi ya mutu, kuma yankewar wuta ana tsakiyar girkawa na iya barin ta ba ta tashi. A yi aikin da janareta ko sola.

Gargaɗi na ƙarshe ga ma'aikaci: wannan magana ta kwamfutar gida ce. Wadda ma'aikata ta ba shi dukiyar gwamnati ce, sashen fasaha na ofis ne ke da hurumin sauya mata manhaja. Haka kuma Linux ba laya ba ce. Wanda ya miƙa wa ɗan damfara lambar sirrinsa, babu manhajar da za ta cece shi. Abin da take bayarwa shi ne gyaran tsaro mai zuwa a kan kari, a kan na'urar da aka riga aka biya kuɗinta. Kafin a kai tsohuwar kwamfutar wurin 'yan gwangwan, filash ɗaya da yammacin Asabar sun isa a gane ko da sauran amfaninta.