ƘWAN BRAHMA: YADDA MALAMAN HINDU KE LISSAFIN SHEKARUN DUNIYA

Daga Wakilinmu na Arewa

Mai kallon fina-finan Indiya ba zai rasa ganin inda ɗa ya ci amanar ubansa, tsoho ya riƙe kai ya ce "Kalyug" ba. Har fim guda aka yi mai wannan suna cikin 1981, wanda Shashi Kapoor da Rekha suka fito a ciki. Mu da mun ji sai mu ce ai "ƙarshen zamani" yake nufi. To, akwai kama, amma kama da wane ba ta wane. Bayan kalman nan akwai wani dogon lissafi, kuma ya kamata 'yan'uwanmu da ke aiki tare da Indiyawa a masana'antu da kantunan Ikko su san shi, don sanin tunanin abokin zama rabin zaman lafiya ne.

Lissafin yana cikin littattafan da aka rubuta da Sanskirit, watau tsohon harshen malaman Hindu, wanda ake karatu da ibada da shi. Mafi tsufa a cikinsu shi ne Rigbeda, mai waƙoƙi 1,028, wanda ya haura shekara 3,000. Da ka aka riƙa haddace shi, ɗalibi daga bakin malami, kafin a sa shi a takarda.

ƘWAI MAI HAWA 14

A harshen nan, sunan halitta dukanta, sama da ƙasa da taurari, shi ne Brahmanda. "Anda" ƙwai ke nan, watau ƙwan Brahma. Wani tsohon littafinsu, Chandogya Upanishad, ya ce ƙwan ya yi shekara guda sa'an nan ya fashe biyu. Ɓari ɗaya na azurfa ya zama ƙasa, ɗayan na zinariya ya zama sama.

Littattafan baya, da ake kira Purana, sun kasa cikin ƙwan hawa 14. Bakwai na bisa sun fara daga wannan ƙasa da muke takawa har zuwa Satyaloka, mazaunin Brahma. Bakwai kuma suna ƙarƙashi, na can ƙurya shi ne Patala. A tsakiyar ƙasa, in ji su, akwai dutsen Meru, tsibirai bakwai da tekuna bakwai sun kewaye shi kamar zobba: tekun gishiri, na ruwan rake, na giya, na man shanu, na kindirmo, na madara, da na ruwan daɗi. Kuma ƙwan ba ɗaya ba ne. Sun ce irinsa ba su ƙirguwa, kowane da nasa Brahma.

ZAMANI HUƊU

Inda maganar ta fi zurfi shi ne wajen lokaci. A wurinsu duniya ba ta tafiya miƙe daga farko zuwa ƙarshe. Juyawa take yi kamar damina da rani: a haife ta, ta tsufa, ta rushe, a sāke ta.

Kowane juyi yana da zamani huɗu. Krita, zamanin gaskiya, shekara 1,728,000. Treta, shekara 1,296,000. Dwapara, shekara 864,000. Sai Kali, shekara 432,000. Jimla 4,320,000. Sunayen kuwa daga jifan wata tsohuwar cacarsu aka ɗauko su. Krita jifan da ya cinye, Kali jifan da ya faɗi.

Suna misalta gaskiya da adalci, abin da suke kira "dharma", da bijimi. A zamanin farko yana tsaye da ƙafa huɗu. Kowane zamani ya shigo sai ya rasa guda, har a zamanin Kali ya rage da ƙafa ɗaya tak. Bisa lissafinsu zamanin Kali ya kama tun shekara ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), watau an ci shekara 5,000 da ɗoriya, saura wajen 427,000. Ashe ke nan tsohon da ya ce "Kalyug" ba cewa yake duniya ta zo ƙarshe ba. Cewa yake lalacewa ta fara, da sauran tafiya, kuma bayanta zamanin gaskiya zai komo.

YINI GUDA NA BRAHMA

Juyi 1,000 irin wannan shi ne yini guda na Brahma, ana ce da shi "kalpa", shekara miliyan 4,320 ke nan. Darensa ma haka. In dare ya yi sai halitta ta narke, Bishnu ya kwanta bisa macijin nan Shesha a kan ruwa. Gari na wayewa a sāke sabon lale. Brahma kansa ba mai dawwama ba ne. Shekara 100 aka ɗiba masa, kowace mai kwana 360 irin nasa, kuma sun ce yanzu ya shiga ta 51.

Yadda duniya ke juyi, haka suke ganin ran mutum yana yi: ya mutu, a sāke haihuwarsa gwargwadon aikinsa, watau "karma". Saboda haka babban burinsu shi ne "moksha", fita daga juyin baki ɗaya.

Sai dai su ma malamansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya koyar cewa abu guda ne tabbatacce, shi ne Brahman, asalin komai (ba Brahma mai ƙwai ba), duniya kuwa "maya" ce, kamar mutum ya ga igiya da duhu ya zaci maciji ne. Ramanuja, da ya zo wajen shekara 300 bayansa, ya ƙi wannan, ya ce duniya tabbatacciya ce, tamkar jiki take ga mahaliccinta.

ABIN DA YA ISO GARE MU

Masana kimiyya na yau sun ƙiyasta shekarun ƙasa kamar miliyan 4,540, na sararin samaniya kuwa miliyan 13,800. Wasu na ɗokin cewa ai kalpa ta yi kusa da adadin farko. A yi hattara, wannan dacewa ce kawai, don ɗaya awo ne, ɗaya kuwa imani. Amma mutanen da suka saba da irin waɗannan manyan adadi sun yi nisa a ilmin lissafi. Aryabhata ya rubuta a shekara ta 499 cewa ƙasa ce ke juyawa, shi ya sa ake ganin kamar taurari na tafiya, kuma sunansa Indiya ta sa wa tauraron ɗan'adam nata na farko a 1975. Brahmagupta ya tsara ƙa'idojin aiki da sifiri a 628. Wajen 1030 kuma malamin nan Musulmi, Albiruni, wanda ya koyi Sanskirit, ya bayyana wa masu karanta Larabci wannan lissafi na zamunna cikin littafinsa kan ƙasar Hindu.

Kalmar Sanskirit "shunya", watau wofi, ita Larabawa suka fassara da "sifr", mu kuma muka ara muka ce sifiri. Don haka, mai karatu, duk ran da ka zauna a rumfarka a Agege ko Sabo ta Badun kana jera sifiri bayan lamba, ka tuna daga inda ya taso.

Sanin abin da wani ya yarda da shi ba bin sa ba ne. Neman sani dai ba ya ƙarewa. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.