Abin da ke sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika maƙil, da yadda ake gano mai laifi

A garuruwa irin su Bahindi da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kwamfuta ɗaya takan ɗauki nauyin jama'a da yawa. A kanta ake buga takardun ciniki da na neman aiki, a kanta ɗalibai ke duba sakamakon jarrabawa. Idan ta tsaya cak, fankarta na ƙugi, kibiyar allo ba ta motsi, to ciniki ne ya tsaya, alhali janareto na ci gaba da shan fetur ɗin da ya yi tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023.

Sau da yawa mai shago kan ɗauka na'urar ce ta tsufa. Amma galibi wata manhaja guda ce ta mamaye furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin kwamfuta, ta hana saura samun gurbi.

Matakin farko: a duba kafin a taɓa

A Windows, danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda na buɗe Task Manager, wanda ke jera duk abin da ke aiki. Idan aka danna kan layin da aka rubuta CPU, manhajar da ta fi cin ƙarfi za ta hau sama.

Hawan alƙalamin zuwa kashi 100 na 'yan daƙiƙoƙi yayin buɗe babban fayil ba matsala ba ne. Matsala ita ce ya maƙale a sama na tsawon lokaci alhali ba a aikin komai. Akwai kuma wani suna da ke ruɗa mutane, System Idle Process. Shi ƙarfin da ba a amfani da shi yake nunawa, don haka idan ya kai kashi 90, alama ce ta lafiya.

Waɗanda aka fi kamawa

Na farko shi ne sabunta Windows. Yakan ɓuya ƙarƙashin sunan svchost.exe, kuma inda intanet ke yawan yankewa, yakan ɗauki lokaci yana ƙoƙarin kammala abin da ya fara. Maganinsa a bar shi ya gama a lokacin da sabis ke da ƙarfi, sannan a sake kunna na'urar.

Na biyu shi ne manhajar tsaro ta Microsoft, mai bayyana da sunan Antimalware Service Executable. Idan tana binciken fayiloli takan ci ƙarfi, amma takan lafa. Abin ya fi muni idan an ɗora manhajojin tsaro biyu, domin kowace za ta riƙa binciken aikin 'yar'uwarta. Guda ɗaya ta wadatar.

Na uku shi ne mai jera fayiloli domin sauƙaƙa nema, wato Windows Search. Masu amfani da Linux ma sun san irinsa, kamar Baloo a tsarin KDE, kuma su da umarnin top suke gano mai cin ƙarfi.

Na huɗu shi ne burauza. Shafi guda mai cike da tallace-tallace na iya riƙe furosesa. A Chrome, danna Shift da Esc na nuna shafin da ke da laifi, sai a rufe shi kaɗai.

Ɓarawon da ba a gani

Mafi haɗari shi ne manhajar da ke haƙar kuɗin kirifto a ɓoye. A shekarar 2017 aka fito da Coinhive, wadda ke sa kwamfutar mai ziyartar shafi ta haƙo kuɗin Monero, kuma 'yan kutse sun dasa ta a dubban shafuka ba da sanin masu su ba. An rufe ta a watan Maris na 2019, amma dabarar ba ta mutu ba. Irin waɗannan manhajoji kan shigo ta satattun manhajoji da kuma filashin da ke yawo daga shago zuwa shago.

Wasunsu kan lafa da zarar an buɗe Task Manager, su dawo idan an rufe. Duk sunan da ba a gane ba, a danna shi da maɓallin dama a duba inda fayil ɗinsa yake. Svchost na gaskiya a cikin jakar System32 yake zaune. Idan aka gan shi a wani wuri, a yi cikakken bincike da manhajar tsaro.

Ƙura da zafi

Wani lokaci ba manhaja ba ce. Ƙurar hunturu kan toshe fanka da ramukan iska, sai zafin bazara ya biyo baya, inda ma'auni kan haura 40 a yankin Kebbi. Idan furosesa ta doshi zafin 100, takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Daga nan ƙaramin aiki ma sai ya cika ta. Alamarsa ita ce kwamfuta ta yi lafiya da safe, ta yi nauyi da rana.

Maganin ba shi da tsada: a kashe, a zare wuta, a hure ƙurar, a ɗaga na'urar daga ƙasa, sannan mai gyara ya sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafinta, domin a kwamfutocin gwanjo yakan bushe.

Abin da ya kamata a kiyaye

Ba kowane suna ake kashewa ba. Rufe wasu ayyukan Windows na iya kashe na'urar nan take, aikin da ba a adana ba ya salwanta. A fara da adana aiki, a rage manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta a sashen Startup, sannan a gwada Safe Mode. Idan matsalar ta ɓace a can, to wata manhaja ce ko direban wata na'ura da aka ɗora daga baya.

Haka kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Mai riƙe da bayanan jama'a a tsohon tsari ya kamata ya yi shirin sauyawa.

Goge kwamfuta baki ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, kuma bayan an kwafe takardun mutane. Da ma Hausawa sun ce sai an san cuta ake neman maganinta.