Yadda Ake Neman Kwalekwalen da Ya Nutse a Madatsar Ruwa

Arewacin Kano ƙasar noma ce, gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. A da mutanenta ba su saba da babban ruwa ba, sai rafi da kududdufin damina. Amma tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa, har aka sami manyan tafkuna kamar Watari a Bagwai, da Tomas a wajen Dambatta, da Jakara a ƙasar Minjibir. Ruwa ya raba waɗansu ƙauyuka da kasuwanninsu, kwalekwale ya zama dukiyar masunci da abin hawan manomi. An rubuta wannan takarda domin Hakimai da malamansu su san abin da ya kamata a yi idan jirgi ya nutse a ƙasarsu.

Rai ne a gaba

Ba a maganar jirgi sai an tabbata babu sauran mutum a ruwa. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya ɗauko mutane daga Badau zuwa Bagwai ya kife a Watari, aka rasa rayuka fiye da 20, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Saboda haka da zarar labari ya iso, sai Dagaci ya tara masunta da gwanayen ruwa, Hakimi kuma ya sanar da 'yan sanda da Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano da Ƙaramar Hukuma. A ƙidaya waɗanda suka shiga jirgin da waɗanda suka fito, malami ya rubuta sunayensu.

Shaida wurin tun da wuri

Fuskar ruwa ba ta riƙe sawu. Wanda ya ce ya ga inda jirgi ya nutse, in aka kai shi tsakiyar tafki kashegari sai ya rasa inda zai nuna. Don haka rabin aikin a gaɓa ake yinsa, tun kafin shaidu su watse.

A mai da kowane shaida daidai inda yake tsaye sa'ad da abin ya faru, a kafa turke a nan. Sa'an nan a tambaye shi abin da ya hanga a ƙetare a bayan jirgin, ko kuka ce, ko giginya, ko hasumiyar masallaci. Daga turken zuwa wannan alama an sami miƙaƙƙen layi ɗaya. A nemi shaida na biyu wanda ya tsaya a wani gefe mai nisa da na farko, a yi masa haka nan. Inda layukan nan biyu suka gitta juna, nan za a fara nema. Sai wani jirgi ya tafi a hankali, mutanen da ke kan turakun suna yi masa ishara da tuta, har kowannensu ya gan shi daidai da alamarsa. A nan za a saki dutse da igiya, a ɗaura gora ko jarka a bisa. Wanda ke da wayar hannu mai nuna matsayi a taswira ya ɗauki lambar wurin, malami ya shigar da ita a littafi.

Abin da ke ƙarƙashin ruwa

Ya kamata a tuna cewa gindin waɗannan tafkuna gonaki ne da fadamu a da. Akwai kututture da itatuwan da ruwa ya ci, da tsohon kwarin kogi wanda ya fi ko'ina zurfi, ga laka da damina ke zubawa kowace shekara, ga tsofaffin taru da mamari. Dattawan da suka yi noma a wurin kafin a tare ruwa, da Sarkin Ruwa, su ne taswirar tafkin, kada a raina shawararsu.

Kwalekwalen katako wanda ba kaya cikinsa sau da yawa ba ya kaiwa ƙasa, yakan cika da ruwa ya riƙa shawagi, iska tana tura shi. Irin wannan a fara nemansa a gaɓar da iska ta nufa, cikin kacalla da ciyawa. Wanda inji ko buhuna suka danne, shi yakan zauna kusa da inda ya nutse. Mai da ke tasowa a fuskar ruwa alama ce, amma fa iska na jansa, sai a bi shi zuwa tushensa.

Yadda ake lalube

A ɗaura ƙugiyar ƙarfe mai baki uku ko huɗu a igiya, a yi wa igiyar ƙulli a kowace gaba domin a san zurfi. Jirgi ya ja ta a hankali, a bi layi layi kamar mai huɗa, a fara daga gorar a yi ta faɗaɗawa, kada a tsallake kunya. In ƙugiya ta kama abu, a saki wata gora nan take. Akwai kuma na'ura mai aika amo cikin ruwa ta nuna surar abin da ke ƙasa, idan hukuma tana da ita sai a nema.

Kada mai nutso ya shiga shi kaɗai. A ɗaura masa igiya a ƙugu, wani gwani ya riƙe, ya kuma tafi da wuƙa saboda taru. Ba a nutso da dare, ko kusa da ƙofar da ake sakin ruwa. Da hunturu sanyin ruwa yakan kashe jiki da sauri, sai a riƙa karɓa-karɓa. A kori yara daga bakin ruwa, gama ban da haɗarin nutsewa akwai tsargiya.

Fid da jirgin

A fara sauke kaya da inji in ya yiwu. Sa'an nan a zagaya igiya mai ƙarfi ta ƙarƙashin goshin jirgin da ta ƙarƙashin bayansa. Ba a ɗaurawa a katakon zama, don yakan ɓalle. A jera jirage biyu, a gicciya musu azara, a ɗaure tam. A ɗura musu ruwa har su ɗan nutsa, a tsuke igiyoyin a jikin azarar, sa'an nan a kwashe ruwan. Suna tasowa suna ɗaga na ƙasa. Laka takan riƙe gindin jirgi, don haka a fara ɗaga goshi shi kaɗai. Da ya rabu da ƙasa sai a ja shi zuwa inda ba zurfi, a maimaita, har shanun noma ko tarakta su iya ƙarasa shi gaɓa.

Ana kuma aiki da duro. Duro mai cin lita 200 in ya cika da iska yana ture ruwa mai nauyin kilo 200, watau yana ɗaga kusan haka in an cire nauyin kansa. Ana nutsar da shi cike da ruwa, a ɗaure a jirgin bakinsa na kallon ƙasa, a hura masa iska da tiyo daga injin mai faci. Kada a toshe bakin, domin iskar da aka hura a zurfin mita 10 takan ninka girmanta kafin ta iso sama. Kada kuma kowa ya kasance a ruwa sa'ad da jirgin ke tasowa.

Inji kuwa, tsatsa takan kama shi da ya sha iska. A cire fulogi, a tsiyaye ruwa da mai, a kai wa makaniki a ranar. In zurfi ya yi yawa kuma babu rai a ciki, gara a bar gora a wurin a jira bazara, lokacin da ruwa ke janyewa. Katako bai kai ran mutum ba.

Aikin malamin Hakimi

Malami ya rubuta rana da sa'a, da mai jirgi da matuƙi, da yawan mutane da kaya, da zurfin wurin, da abin da aka fitar. A yanke ladan masu aiki a gaban Dagaci tun kafin a taɓa igiya, don a kauce wa jayayya. Jirgin da aka tsinta ba a san mai shi ba, hukuncin tsintuwa ne a kansa, a ajiye shi a hannun Sarkin Ruwa a yi cigiya.

Daga ƙarshe, Hakimai su riƙa gargaɗin masu jirage a kan lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, da shiga ruwa hadari na tasowa, su kuma matsa a sa rigar kariya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye.